Tarihin Hular Turaku a Harsashin Gini

Inda ƙasa ta kasance taɓo ko laka, watau ba ta iya ɗaukar nauyin gini, dabarar magina tun zamanin da ita ce su kafa turaku masu tsawo har su taras da ƙasa mai tauri. Amma turke kansa tsukakke ne, bango kuwa yana bukatar shimfiɗa. Saboda haka tilas a sami abin da zai haɗa kawunan turakun, ya karɓi nauyi daga sama ya rarraba musu. Wannan shi ne ake kira hular turaku.

Shekaru aru-aru da katako ake yin ta. A birnin Benis na Italiya, akan kafa itatuwa dab da juna cikin laka, a shimfiɗa faifan katako a kansu, sa'an nan a ɗora farin dutsen Istiriya wanda ruwan gishiri ba ya ci. Mutanen Amsterdam a ƙasar Holan su kuma sukan kafa turakun bibbiyu, su gicciya guntun katako a kan kowane biyu. Tsohon zauren birninsu, wanda aka soma a 1648, an gina shi ne a kan turaku 13,659. Yaran makaranta a can sukan riƙe adadin da cewa kwanakin shekara ne, 365, an sa ɗaya a gaba da tara a baya. Sharaɗin wannan aiki guda ne: katakon duka ya zauna ƙarƙashin ruwa, domin icen da iska ba ta taɓa shi ba ya saurin ruɓewa. Da zarar ruwan ƙasa ya ja baya, kan turke da hularsa su ke fara lalacewa, bango ya bi su.

Kankare mai rodi ne ya kawar da wannan sharaɗi. Joseph Monier, wani mai aikin lambu a Faransa, ya yi rajistar tukwanen furanni na siminti da waya a 1867, François Hennebique kuma ya yi rajistar tsarin gini sukutum a 1892. Hikimar abin ita ce kankare yana jure danni ƙwarai, amma in aka ja shi, ƙarfinsa bai wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Sai aka ba ƙarfe aikin ja.

To, a nan gardama ta taso. Injiniyoyi da yawa sun ɗauki hular tamkar azara, suka yi mata lissafin lanƙwasa, suka baza rodi daidai wa daida a gindinta kamar saƙar tabarma. Amma azara doguwa ce siririya, hula kuwa gajeriya ce mai kauri, ba ta lanƙwasa yadda lissafin ya zata. Nauyin da ya sauko daga ginshiƙi yakan bi hanya mafi kusa, ya gangara a karkace cikin kankaren ya dira a kan kowane turke, yana neman ya ture su waje. Misalinsa baka ne da tsirkiya: kankare shi ne bakan, rodin da ya ɗaure kawunan turaku shi ne tsirkiyar. In tsirkiya ta tsinke, ko aka ɗaura ta inda ba nan ne bakin baka ba, an gama. Asalin wannan tunani yana ga Wilhelm Ritter na Zurich a 1899 da Emil Mörsch na Jamus bayansa kaɗan, ko da yake su a kan azara suka yi maganarsu.

Waɗanda suka raba gardamar da gwaji su ne Blévot da Frémy a Faransa. Sun zuba huluna fiye da ɗari, manya da ƙanana, suka danne su har suka farfashe, suka buga sakamakon a 1967. A hula mai turaku huɗu, rodin da aka tattara bisa layin turaku ya fi wanda aka baza ƙarfi da kamar kashi 20 cikin ɗari. A mai turaku uku kuwa, bazawar ta zubar da kusan rabin ƙarfin. Sun kuma ba da shawara gangaren nauyin ya tsaya tsakanin digiri 45 da 55, wanda shi ke yanke kaurin hular. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama hular da ta gaza kauri ba ta cika yin gargaɗi ba: ginshiƙi yakan huda ta farat ɗaya, ga ta a binne inda mai duba gini ba zai ga tsaguwa ba.

Abin mamaki, sai da aka daɗe kafin dokokin gini su bi. Jörg Schlaich da abokan aikinsa na Stuttgart sun shimfiɗa hanyar filla-filla a 1987, amma dokar kankare ta Amurka ba ta shigar da ita sosai ba sai a 2002.

Wanda ke son ganin hular da idonsa, sai ya bi ta ƙarƙashin Babbar Gada ta Uku a Ikko cikin kwalekwale. Gadar, wadda aka kammala a 1990, tana da tsawon kusan kilomita 12, ginshiƙanta kuma suna zaune a kan faffaɗan tubalan kankare a fuskar ruwa, turakun suna can ƙasa cikin laka.