Yarjejeniyar cinikin gida: abin da mai saye zai duba kafin ya sa hannu

Yarjejeniyar cinikin gida ita ce takardar da mai sayarwa da mai saye suke sa wa hannu bayan sun daidaita a kan farashi. Ba ita ce takardar miƙa mallaka ba, ko da yake mutane da dama suna ɗaukar su abu guda. Ta farko alkawari ce da sharuɗɗansa, ta biyu kuwa ita ke mayar da haƙƙin gidan zuwa sunan mai saye. Sharaɗin da aka bari ya wuce a ta farko, da wuya a gyara shi bayan kuɗi sun fita.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Saboda haka abin da ake saye haƙƙin zama ne a kan filin, wanda galibi wa'adinsa shekara 99 ne, kamar yadda ake rubutawa a takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O. Sashe na 22 na dokar ya hana miƙa wannan haƙƙi ga wani ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo. A Abuja, Ministan Babban Birnin Tarayya ne ke ba da amincewar. Ana iya ƙulla yarjejeniya kafin a same ta, amma dole ta fayyace wanda zai nema, wanda zai biya kuɗinta, da makomar kuɗin mai saye idan aka hana.

Inda aka fi samun rigima shi ne wajen tantance mai sayarwa. Sunan da ke cikin yarjejeniyar ya zama shi ne a takardar mallaka, kuma shi ne a rajistar gwamnati. Ana bincika wannan a AGIS a Abuja, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, ko ofishin rajistar filaye da ke Alausa a Legas. A nan ake gano ko an jinginar da gidan a banki, ko an soke takardarsa, ko ana bin sa harajin fili na shekaru.

Gidan gado yana bukatar ƙarin natsuwa. Magaji ɗaya, ko da shi ne babban wa, ba ya da ikon sayar da rabon 'yan'uwansa, don haka a nemi takardar rabon gado daga kotu, ko sa hannun dukan magada. A mazhabar Malikiyya, abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya biya farashin ya karɓe kason da aka sayar wa bare. A filin dangi da ke ƙarƙashin dokar gargajiya, musamman a Kudu, cinikin da aka yi ba da shugaban dangi ba ɓatacce ne, wanda kuma shugaban ya yi da sunan dangi ba tare da yardar manyansu ba ana iya rushe shi a kotu.

Akwai kuma takardar wakilci, wadda ake yawan miƙa wa masu saye a Abuja a madadin takardar miƙa mallaka. Kotun Ƙoli, a shari'ar Ude da Nwara ta 1993, ta bayyana cewa ita kaɗai ba ta mayar da mallaka, izini ne kawai na yin aiki a madadin wani.

Bayanin gidan ya zo da lambar fuloti, girmansa, da lambobin duwatsun iyaka kamar yadda suke a taswirar safiyo. Mai saye ya kai nasa safiyon ya auna, ya kuma tambayi maƙwabta da mai unguwa, domin sukan san abin da takarda ba ta faɗa ba.

A ɓangaren kuɗi, a rubuta jimillar farashi da lambobi da kalmomi, da ranakun biya. A bambanta kafin alƙalami, wanda sau da yawa kashi 10 ne cikin 100 kuma mai saye na iya rasa shi idan ya janye, da kason farko na farashi, wanda asali ana mayarwa idan ciniki ya warware. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biyan tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, sai ta banki. Kuɗin su shiga asusun mai sunan da ke takarda, ba na dillali ba, a kuma rubuta la'adarsa da wanda zai biya ta.

Yarjejeniyar ta faɗi ranar miƙa mabuɗi da asalin takardu, da matsayin 'yan haya idan akwai su, tare da lissafin abubuwan da ke cikin cinikin, irin su janareta, famfon rijiyar burtsatse da mitar wuta da bashin da ke kanta. Lauyan mai sayarwa ne ya saba tsara takardar, shi ya sa mai saye ke bukatar nasa lauyan ya karanta masa ita kafin shaidu su sa hannu.