Tasirin Rashin Daidaiton Tsayin Gaba da Baya a Motoci Masu Jan Ƙafa Huɗu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin abin da ke biyo baya idan bayan mota mai jan ƙafa huɗu ya zauna ƙasa da yadda aka ƙera shi. Ta hanyar lissafi, an nuna cewa ɓarnar ba daga tsayin take zuwa kai tsaye ba. Tana bi ne ta saitin ƙafafu da cin taya, har ta kai ga mahaɗin da ke raba ƙarfin inji tsakanin gatarin gaba da na baya.

Gabatarwa

Tun da Subaru ta fitar da Leone mai jan ƙafa huɗu a 1972, Audi kuma ta biyo da Quattro a 1980, wannan fasaha ta shiga motocin gida, har Lexus RX da Toyota Highlander suka cika titunan Kano da Kaduna. Maƙera sukan bar baya ya ɗan ɗara gaba tsayi idan mota ba kaya, domin ta daidaita in an yi lodi. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ga mota wayam amma bayanta a durƙushe.

Hanyar nazari

Ana auna tsayi ne daga tsakiyar ƙafa zuwa leɓen madigadi, a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, domin iskar taya kada ta shiga lissafin. Ana kuma lura da yawan mai a tanki yayin awo, domin mai ma yana da nauyi: lita 60 ta fetur ta kai kimanin kilo 45, kuma tankin yana kusa da gatarin baya. An ɗauki misalin mota mai tazarar milimita 2,700 tsakanin gatari da gatari, da taya mai lamba 225/60 R17.

Sakamako da tattaunawa

Idan baya ya sauka da milimita 40, jikin motar zai karkata da kusan kashi 1.5 cikin ɗari. Ƙa'ida ta 48 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan fitilun mota ta sa a sunkuyar da ƙaramar fitila da kashi 1 zuwa 1.5, saboda haka wannan sauka kaɗai ta isa ta ɗaga haske ya doki idon direban da ke tahowa. A hanya mai layi ɗaya da dare, wannan batun rai ne.

A motocin da kowace ƙafar baya ke motsi da kanta, saukar jiki tana sa saman taya ya kwanta ciki, sai gefen ciki ya riƙa cinyewa da sauri. A nan ne mota mai jan ƙafa huɗu ta bambanta da sauran. Kewayen tayar misalinmu kusan milimita 2,205 ne, wato tana juyawa sau 454 a kilomita guda. In zanen tayoyin baya ya gaza na gaba da milimita 3 kacal, kewayensu zai ragu da milimita 19, su riƙa yin ƙarin juyi kusan huɗu a kowace kilomita. Mahaɗin tsakiya, ko mai ruwan silikon ne ko mai faifan kuloci irin na Haldex, an yi shi ne don ya shanye bambancin juyi na ɗan lokaci, a kwana ko a santsi. Daga Kano zuwa Abuja kuwa, tafiyar da ta haura kilomita 400, zai shanye ƙarin juyi sama da 1,500, kuma gogayyar nan zafi take haifarwa.

Abin takaici, da zarar baya ya zauna sai a garzaya sauya shokabzoba, alhali aikinta hana tsalle ne. Sifirin ke ɗauke da nauyi. Akwai togaciya: wasu Subaru Forester sun zo da shokabzobar baya mai ɗaga kanta haɗe da sifirin mai laushi, kuma in aka maye gurbinta da ta gama-gari ba a sauya sifirin ba, dole baya ya sauka. Cusa roba tsakanin zoben sifirin da ya gaji yana maido da tsayi a ido, amma yana rage masa wurin lanƙwasa. Gyaran da lissafin ya goya wa baya shi ne sauya sifirin biyu na gatarin tare, a sake saitin ƙafafu huɗu da na fitila, sannan a auna kewayen kowace taya da tef kafin a yanke ko guda nawa za a saya.