Namazake: Giyar Shinkafar Japan Da Ba A Ɗora Ta A Wuta

Sake ita ce giyar gargajiya ta ƙasar Japan, ana haɗa ta ne da shinkafa da ruwa da yis da wata funfuna mai suna koji, wadda ke mayar da sitacin shinkafa ya zama sukari. Yawan barasar da ke cikinta kan kai kashi 15 zuwa 16 cikin ɗari. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya fasahar haɗa ta cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada.

A bisa al'ada, ana ɗumama sake sau biyu a zafin digiri 60 zuwa 65, ɗaya kafin a adana ta, ɗaya kafin a zuba ta a kwalba, domin kashe ƙwayoyin da ke lalata ta. Wadda ba a ɗumama ba ko sau ɗaya ita ake kira namazake, wato ɗanyar sake. Saboda haka ba ta jure ajiya: sai a firiji, a sanyin da bai wuce digiri 5 ba, in ba haka ba ta yi tsami ta gurɓace.

Japanawa suna kiran marar zaƙi karakuchi, kuma suna auna ta da ma'aunin nihonshu-do. Lamba mai alamar ƙari tana nuna ƙarancin zaƙi, mai alamar ragi kuwa tana nuna zaƙi. Lardin Niigata ya shahara da irin wannan, haka ma yankin Nada da ke lardin Hyogo, inda ruwan ke da ma'adinai masu yawa.

Ɗanyar sake marar zaƙi tana da ƙamshin 'ya'yan itace kamar tuffa da kankana, da ɗan tsami, wani lokaci da 'yar kumfa da ta rage daga ruɓawar yis. An fi samun ta daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, bayan an tace sabuwa.

A teburin Japanawa, ana haɗa ta da abinci marar nauyi: yankakken ɗanyen kifi da suke kira sashimi, da kawa, da tofu, wanda ya yi daidai da awara, da tsiren kaza mai gishiri. Tsaminta yana rage maiƙon soyayyen jatan lande, amma miya mai yaji ko zaƙi da yawa takan danne ƙamshinta.

Dokar Japan ta haramta shan barasa ga duk wanda bai kai shekara 20 ba.