CBGB: Yadda Wani Ɗan Kurkukun Ɗaki a Niyok Ya Raini Makaɗa Masu Cin Gashin Kansu

Da yammacin ranar 3 ga Agusta 1973, wani tsohon otal mai suna Broadway Central ya rufta a birnin Niyok na Amurka, mutum huɗu suka rasa rayukansu. A jikin ginin akwai wani zaure da ake kira Mercer Arts Center, inda ƙungiyar New York Dolls da ire-irenta suke wasa. Rushewar ta bar samarin makaɗan birnin a rana. Manyan gidajen rawa na wancan lokaci ba sa buɗe wa kowa ƙofa sai wanda yake da faifai a kasuwa, ƙananan mashayu kuwa sun fi son a zo a maimaita musu waƙoƙin da ake ji a rediyo. Wanda ya tsara waƙarsa da kansa, bai kuma da kamfani a bayansa, ba shi da inda zai tsaya a ji shi.

Wata huɗu bayan haka, a Disamba 1973, wani mutum mai suna Hilly Kristal ya sauya wa mashayarsa suna a lamba 315, titin Bowery. Kristal ba baƙo ba ne a harkar, domin ya taɓa zama manajan Village Vanguard, shahararren gidan kiɗan jazz. Sunan da ya raɗa wa wurin, CBGB, harufan farko ne na kaɗe-kaɗen da ya yi niyyar kawowa, wato country da bluegrass da blues, galibinsu kiɗan karkarar Amurka.

Bowery a lokacin unguwar da kowa ke gudu ce. Marasa galihu da waɗanda giya ta ci ƙarfinsu suna kwana a bakin titi, saman mashayar kuma masaukin talakawa ne da ake kira Palace Hotel, inda ake biyan kuɗin kwana ɗaya a sami ɗan gado. Birnin kansa yana tangal-tangal, har a 1975 saura ƙiris gwamnatinsa ta kasa biyan bashin da ke kanta. Amma wannan lalacewa ce ta sa haya ta yi araha, kuma babu maƙwabcin da zai kai ƙara don an cika masa kunne da ƙarfe biyun dare. Duk wanda zai ba da tarihin irin waɗannan wurare ya manta da batun haya, ya bar rabin labari a hanya.

A farkon 1974 wasu samari biyu masu kaɗa jita, Tom Verlaine da Richard Lloyd, suka iske Kristal a ƙofar wurin. Kamar yadda Lloyd ya sha ba da labari, sun tarar da shi a kan tsani yana aikin rumfar ƙofa, ya tambaye su irin kiɗan da suke yi, suka nuna masa ai duk abin da ke rubuce a rumfar suna taɓawa. Ya ba su daren Lahadi, daren da dama babu ciniki. Ƙungiyarsu, Television, ta hau dandamali ranar 31 ga Maris 1974, kuɗin shiga dala ɗaya. Kristal bai ɓoye ba daga baya cewa wasan bai burge shi ba ko kaɗan. Duk da haka ya bar su suka dawo.

Ranar 16 ga Agusta ta wannan shekara wasu samari huɗu daga unguwar Forest Hills suka zo cikin baƙaƙen rigunan fata da yagaggun wanduna. Su ne Ramones. Waƙarsu ɗaya da ƙyar take kai minti biyu, mai jitar bass ɗinsu, Dee Dee, yakan ƙwala ƙirgen ɗaya zuwa huɗu, sai su afka wa ta gaba ba tare da sun numfasa ba. Wani lokaci sukan tsaya tsakiyar wasa su yi gardama a gaban jama'a kan waƙar da za ta biyo. Cikin ƙasa da minti 20 sun gama sun sauka.

Abin da ya bambanta CBGB da sauran wurare ƙa'idar Kristal ce: duk wanda zai hau dandamalinsa, waƙarsa ta kansa zai yi. Ana cewa gudun biyan kuɗin haƙƙin mallaka na cikin dalilansa, kuma babu laifi a hakan, domin sakamakon ya fi dalilin girma. Tsarin kuɗin ma mai sauƙi ne. Abin da aka tara a ƙofa yana zuwa ga makaɗa bayan an cire ɗawainiya, cinikin abin sha kuma na mai wuri ne. A ƙasar Hausa mawaƙi ya saba da ubangida da liƙin 'yan biki. Ubangidan waɗannan samari shi ne duk wanda ya miƙa dalarsa a ƙofa, don haka su da kansu suke bin dare suna manna takardun talla a jikin bango, su ɗauko gangunansu da lasifikoki a kafaɗa.

Wurin kansa dogo ne siriri, duhu, yana ɗaukar mutum kusan 350 idan an matsu. Mai shiga sai ya ratsa gefen dogon kanta kafin ya kai dandamali, wanda bai da tsawon da zai raba mai kiɗa da mai kallo. Gumin mawaƙi yana iya ɗiga a kan na sahun gaba. Bango ya cika da rubuce-rubuce da manne-manne, wani a kan wani, ban ɗakin kuwa ya yi suna wajen ƙazanta har gidan tarihi na Metropolitan ya gina kwatankwacinsa a wani baje koli a 2013. Inda Kristal bai yi rowa ba shi ne na'urorin sauti, waɗanda makaɗa suka daɗe suna yabawa.

A bazarar 1975 mawaƙiya Patti Smith da Television suka shafe kimanin mako bakwai suna wasa a jere, jama'a suka fara yin layi a waje. A watan Yuni Talking Heads suka yi wasansu na farko a matsayin masu share wa Ramones fage. Blondie ma a nan suka goge. Da rani ya yi, Kristal ya shirya bikin ƙungiyoyin da ba su da kamfani, 'yan jarida suka zo, masu farautar sababbin mawaƙa suka biyo su. Seymour Stein na kamfanin Sire ya ɗauki Ramones, faifansu na farko ya fito a Afrilu 1976, an haɗa shi da kusan dala 6,400.

Wasu ba su jira kamfani ba. Manajan Television, Terry Ork, ya buga musu ƙaramin faifai da sunan kamfaninsa na kansa a 1975. Wannan ɗabi'a ta tsallaka teku. Ramones sun yi wasa a Landan ranar 4 ga Yuli 1976, a Janairu 1977 kuma Buzzcocks na Manchester suka ranto kuɗi wajen 'yan uwa da abokai suka buga faifansu, Spiral Scratch. Kantin Rough Trade na Geoff Travis ya zama cibiyar rarraba irin waɗannan faifai, har zuwa 1980 aka fara fitar musu da jadawalin ciniki nasu daban a Ingila. Daga nan sunan indie ya bi makaɗan da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni, ƙananan ɗakunan wasa kuma suka yi ta tsirowa, irin su Maxwell's a Hoboken da 9:30 Club a Washington.

A shekarun 1980 CBGB ya koma hannun matasa masu kiɗa mafi zafi, waɗanda ake shirya wa wasa da ranar Lahadi. Cikinsu har da Bad Brains, baƙaƙen fata daga Washington, waɗanda saurin kiɗansu ya zama abin koyi.

Hayar da ta haifi wurin ita ce ta ga bayansa. Bowery ta gyaru, manyan gine-gine da gidajen abinci masu tsada suka shigo, hayar CBGB ta kai dala 19,000 a wata. Rikici ya ɓarke tsakanin Kristal da masu ba shi haya, wata ƙungiyar taimakon marasa matsuguni mai suna Bowery Residents' Committee, kan wasu kuɗaɗen baya. Kotu ta ba Kristal gaskiya a 2005, amma yarjejeniyar hayar ta ƙare, ba a sabunta ba. Ranar 15 ga Oktoba 2006 Patti Smith ta yi wasan ƙarshe, ta jero sunayen makaɗan wurin da suka riga mu gidan gaskiya. Kristal ya rasu a Agusta 2007, a 2008 kuma wurin ya zama kantin tufafi na John Varvatos.

Har yau wannan ce matsalar ƙananan gidajen kiɗa, domin mafi yawansu 'yan haya ne. A Birtaniya ƙungiyar Music Venue Trust, wadda aka kafa a 2014, ta ƙirga wurare 125 da suka rufe ko suka daina kawo makaɗa a shekarar 2023 kaɗai. Saboda matsalar haya ta ɓullo da dabarar tara kuɗi daga hannun masoya kiɗa a sayi gine-ginen gaba ɗaya, a ba masu wurin haya mai rangwame na dogon lokaci. Na farko da aka saya shi ne The Snug, wani ɗan ƙaramin wuri a garin Atherton kusa da Manchester, a Oktoba 2023.