Gano tushen matsala kafin neman magani

Idan matsala ta taso, a fara tambaya: me ya jawo ta?

Bayan farin 1973, itatuwa sun ragu ƙwarai a jihar Maradi, har da gonakin Tasawa da Mayahi. Iska na binne shuka da rairayi. Aka ɗora laifi kan rashin ruwa, aka yi ta dashen itatuwa, amma galibinsu suka mutu.

A 1983, Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da ke gonaki suna da rai. Sassabe ne ke kashe tohonsu kowace shekara. Sai manomi ya bar 'yan rassa masu ƙarfi na sabara ko kalgo, ya sare sauran. Wannan sassabin zamani ba ya bukatar ban ruwa, amma sai gari ya amince a hana sara.