Kaboyin Moustapha Alassane da Tambayar da ke Jiran Jere da Kafanchan

A shekarar 1966 Moustapha Alassane, ɗan Jamhuriyar Nijar, ya fitar da Le Retour d'un aventurier, fim mai tsawon kimanin rabin awa wanda masana da dama ke ɗauka a matsayin fim ɗin kaboyi na farko da ɗan Afirka ya shirya. Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Wani saurayi, Jimi, ya dawo daga Amurka da akwati cike da malafuna da takalma da bindigogi, ya rarraba wa abokansa. Kowa ya yar da sunan yanka ya ɗauki na sinima. 'Yar wasa Zalika Souley ta zama Sarauniya Christine. Wasa ya koma sata da duka, daga bisani jini ya zuba a tsakaninsu.

Mai nazari zai iya lissafa aibinsa cikin sauƙi: sauti ba ya zama daidai da baki, 'yan wasan sababbin hannu ne, warwarar rikicin kuma ta zo a gurguje. Amma a ganina kuskure ne a auna shi da ma'aunin Hollywood. Ƙarancin kuɗi ba baƙo ba ne a wannan nau'i. Sergio Leone ma a ƙasar Sifen ya ɗauki yawancin A Fistful of Dollars na 1964, saboda arha. Bambancin shi ne Leone ya ɓoye talaucinsa, Alassane kuwa ya mai da nasa jigo. Malafar ba ta zauna a kan samarin ba domin aro ce, kuma mai kallo yana ganin hakan tun kafin su gani. Ko ba komai, raƙuman dawa da ke gilmawa a daji sun isa su tuna maka cewa nan ba Texas ba ce.

Inda fim ɗin ya fi nauyi shi ne wajen zaɓen abokin gaba. Tsohon fim ɗin kaboyi yakan ware al'umma guda, 'yan asalin Amurka, ya mai da su dodo, domin harbin jarumi ya halatta. Alassane ya ƙi wannan hanya. 'Yan ta'addarsa 'ya'yan gari ne, an san iyayensu, kuma dattawa ne ke zaman neman mafita.

Nan ne maganar ta shafi Kudancin Kaduna. Duk mai son shirya fim ɗin zamanin da, da ɗan jari, zai tarar da rabin aikin a shimfiɗe: duwatsun Kagoro, ruwan Matsirga, da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, mahaɗar da ta tara Fantswam da Hausawa da Ibo da Yarabawa tun zamanin Turawa. Jere ma tana bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna, ga kuma tasharta a sabon layin dogo, layin da aka kai wa jirginsa hari ranar 28 ga Maris 2022. Doki da bindiga da jirgi da daji, duk ga su. Sai dai a yankin da rikicin manoma da makiyaya ya bar zawarawa da marayu a kowane ɓangare, ɗauko tsarin "mu da su" daga Amurka tamkar ajiye ashana ne kusa da rumbu. Mai kallo a Zonkwa ko Kagarko ba zai ɗauki mugun fim a matsayin almara ba. Zai duba rigarsa da harshensa ya ce ya san ko su wane ne.

Alassane ya rasu a 2015, ya bar misalin da har yau ba a yi amfani da shi sosai a Arewa ba. Masu shirya fim na Kaduna da Jos da Kano su nemi wannan rabin awa su kalla kafin su ɗaura wa doki sirdi.