Tarihin ruwan Komadugu, daga Kano har Boso

Duk wanda ke shiga kasuwar Damagaram ko ta Maraɗi ya san buhunan jan tattasai na Difa. Tattasan nan ruwan gulbi ɗaya yake sha, shi ne Komadugu. Da Barbarci kalmar komadugu gulbi take nufi. Amma ruwan da ke cikinsa ba a ƙasarmu yake zuba ba. Daga nesa yake tasowa, kuma hannuwa da yawa suna taɓa shi kafin ya iso gare mu.

Ga yadda tafiyarsa take. A kudancin Kano akwai gulbi biyu, Kogin Kano da Kogin Calawa. In sun haɗu sai a ce musu Kogin Haɗeja. Wani gulbin kuma, Jama'are, daga duwatsun Jos yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauci. Bayan garin Haɗeja ƙasa shimfiɗe take, babu gangare sosai. Nan ruwa yake rasa hanya ɗaya, ya rarrabu tsakanin tuddan rairayi, ya zama babbar fadama har zuwa Nguru. Wajen Gashuwa sai ya sake tattaruwa, ya bi ta Gaidam, ya zama iyakar Nijar da Najeriya na kamar kilomita 150. Ya wuce Difa, ya faɗa tafkin Cadi kusa da Boso. Tafiyar tana da nawa ƙwarai. Ruwan da aka yi a Kano cikin Agusta, sai damina ta wuce sannan yake cika gulbi a Difa.

A da babu mai tare shi. Gulbi ya cika da damina, ya malala cikin fadama, ya janye da rani. Kowa ya san lokacinsa. Manomin shinkafa yana shuka da ruwan fari, don shinkafa ta tasa kafin ambaliya ta zo. Kifi yana bin ruwa cikin ciyawa ya yi ƙwai, masunta su jira shi da homa da ƙugiya, sarkin ruwa ne ke faɗin ranar shiga tafki. In ruwa ya fara janyewa, sai a bi laima a shuka wake, a dasa dawar rani. Bayan an kwashe amfani, Fulani su sauko da shanu su ci kara da ɗanyar ciyawa, su bar taki a gona. Mata suna yanko kaba daga goruba, su saƙa tabarmi. Ƙasa ɗaya ce, amma mutum huɗu ko biyar ke ci daga gare ta cikin shekara guda, wannan ya tashi wancan ya zauna. Ba a ce babu rigima ba, ana yi. Sai dai gulbin da kansa ke raba musu lokaci.

Akwai wani aikin da ambaliya ke yi wanda ido ba ya gani. Ruwan da ya kwanta wata uku ko huɗu bisa fadama yana nutsewa ƙasa. Shi ne ke cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da gulbi, waɗanda mutanensu ba su taɓa taka fadamar ba.

Sai fari ya zo. Daga 1972 zuwa 1974 ruwan sama ya yi ƙaranci a duk yankinmu, dabbobi suka mutu, mutane suka yi hijira. A lokacin gwamnan Kano, Audu Bako, yana gina madatsar ruwa, wato baraji, bisa Kogin Kano a Tiga. An gama ta a 1974. Niyyar mai kyau ce: a tara ruwan damina, birnin Kano ya sha, a kuma yi noman rani a Kadawa da Kura. An yi, kuma an ci amfani. Alkama da shinkafa da tumatir sun fito, dubban magidanta sun samu abin yi da rani maimakon tafiya cin rani. A 1987 Najeriya ta hana shigo da alkama daga waje, noman alkama ya ƙara daraja, kowa na neman ruwa. A 1992 aka gama madatsa ta biyu bisa Kogin Calawa. Su biyun nan suna riƙe da kamar kashi 80 cikin 100 na ruwan Kogin Haɗeja.

To, mutanen gangare fa? Ba a tambaye su ba. A 1974 ruwa ya rufe fiye da hekta 200,000 a fadamar Haɗeja da Nguru. A 1993 bai kai hekta 50,000 ba. Gaskiya ba madatsa kaɗai ce ta jawo haka ba. Farin 1984, wanda muke ce ma El Buhari, ya yi nasa ɓarnar. Amma fari yana zuwa ya wuce, madatsa kuwa tana nan. Gonakin shinkafa suka bushe, kifi ya ragu, rijiyoyi suka yi zurfi. A Difa watannin da gulbi ke gudu suka ragu. Wurin kiwo ya ƙuntata, ga masu injin ban ruwa sun kama bakin gulbi da lambuna inda shanu ke sauka su sha. Manomi da makiyayi, da can wannan ke bin bayan wancan, suka koma haɗuwa a wuri ɗaya lokaci ɗaya. Faɗa ya yawaita, har da rasa rayuka.

Abin mamaki, wasu garuruwan ruwa ne ya yi musu yawa. Da can gulbi yana ƙafewa da rani, ciyawar ruwa ta bushe ta mutu. Da aka soma sako ruwa daga madatsa duk shekara saboda noman rani, sai hanyoyin ruwa suka daina bushewa. Wata doguwar ciyawa da ake ce ma kacala ta samu wurin zama. Ta fi mutum tsawo, saiwarta tana kama laka. Ta toshe tsohuwar hanyar Kogin Haɗeja mai zuwa Gashuwa, ruwa ya karkata ya bi hanyar Marma zuwa tafkin Nguru. Can gonaki suka nutse, suka zama dajin kacala, kwalekwale ba ya ratsawa, sauro ya yi yawa, jan baki ya samu wurin kwana yana fita da safe ya cinye shinkafa da gero. Nan kuwa, wajen Gashuwa zuwa iyakarmu, ana kukan rashin ruwa. Mutanen ƙauyuka sun sha yin gayya da lauje da adda suna yanke kacala, ta sake tsirowa.

Wajen 1990 wasu masana, cikinsu har da wani mai suna Edward Barbier, suka zauna suka yi lissafi. Suka ƙirga abin da fadama ke bayarwa na hatsi da kifi da itacen wuta, suka gwada da abin da manyan gonakin ban ruwa ke bayarwa. Suka tarar ruwa ya fi riba nesa ba kusa ba in an bar shi ya malala cikin fadama. Daga baya aka ƙara lissafi, aka ga ko an gama duk madatsun da aka shirya, ribar ban ruwa ba za ta maida ko kashi 1 cikin 5 na hasarar fadama ba. Kiwo da ruwan rijiya ma ba su shiga lissafin farko ba. Dalilin da ya sa ba a gane haka da wuri ba mai sauƙi ne. Buhun alkama yana shiga sito, a rubuta shi a takarda. Kifin da mace ta dafa ma iyalinta, da nonon saniya, da tabarmar kaba, babu mai rubuta su.

Tsuntsaye ma suna da rabonsu. Duk shekara da sanyi dubban tsuntsayen ruwa suna tasowa daga ƙasashen Turai, su ƙetare Sahara, su sauka a wannan fadama. Saboda su aka keɓe tafkin Dagona. A 1989 mijin sarauniyar Ingila, Yarima Filip, ya zo ya gan su da idonsa. Wani zai ce an fi kula da tsuntsu bisa mutum. Amma aikin kare fadamar da aka kafa a 1987 saboda tsuntsayen shi ne ya riƙa auna faɗin ambaliya, ya kai kukan masunta da manoma gaban hukuma.

Gwamnatoci sun yi zama iri-iri. Tun 1964 Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru suka kafa hukumar tafkin Cadi. A 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, mazauninta a Yamai. A watan Yuli na 1990, zamanin Janar Ali Saibu da Janar Babangida, aka sa hannu a Maiduguri bisa yarjejeniyar raba ruwa da adalci. Ta shafi gulabe huɗu: Magiya, Gulbin Maraɗi, El Fadama da Komadugu. Mutanen Madarunfa da Maraɗi sun san zancen, don a daidai lokacin ne aka gina madatsar Jibiya bisa gulbinsu. Amma ku lura, a Komadugu ɓangaren gangare ne takardar ta ambata. Tiga da Calawa kuwa can sama suke.

A 2001 madatsun suka cika, aka buɗe su, ruwa ya ci garuruwa a Kano da Jigawa, mutane da yawa suka mutu. A 2006 jihohi shida na Najeriya, Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauci da Filato, suka haɗu a Damaturu suka kafa asusu ɗaya don gyaran gulbin. An yashe wasu hanyoyin ruwa, an sa manoma da makiyaya da masunta da mata cikin zaman shawara. Shawarar da masana suka daɗe suna bayarwa ita ce a riƙa sako ruwa da yawa cikin damina, kamar yadda gulbi ke yi a da, a rage shi da rani don kacala ta bushe. Faɗinta ya fi yinta sauƙi, don mai tumatir a Kadawa da rani yake son ruwa.

A ɓangarenmu, injin ban ruwa ya maye gurbin jigo, noman tattasai ya bunƙasa, ya zama dukiyar Difa. Rikicin Boko Haram ya sa aka hana cinikinsa a 2015, aka buɗe a 2017. Ruwan sama kuma ya ƙaru bisa na shekarun fari. A 2012 da 2019 Komadugu ya yi ambaliya, ya cinye lambuna da gidaje a Difa.

Saura Kogin Jama'are. Shi ne babban reshen da ba a tare ba, kuma shi ke kawo mafi yawan ruwan da ke wuce Gashuwa zuwa gare mu. Tun zamanin Shehu Shagari aka fara gina masa madatsa a Kafin Zaki, cikin ƙasar Bauci. Aikin ya tsaya a 1984, aka tayar da shi, ya sake tsayawa. Mutanen Bauci suna son a gama, don su ma su yi noman rani kamar na Kano. Mutanen Yobe da Borno sun ce in an gama, gulbinsu ya mutu. Har yau ba a gama ta ba, ba a kuma janye zancen ba.